Jan Zaren Hajiya Zuwaira

Ranar da Lauratu ta fara ganin Tanimu, ko ƙarfin ɗaga ido ba ta da shi. Tun bakwai na safe take tsaye gaban yara tamanin da uku a ajin firamare, muryarta ta dushe, alli ya cika mata farce, ga shi Baba ya ce lallai ta biya ta kai masa hulunansa wanki kafin Juma'a.

Rumfar wankin hular tana bayan tashar Funtua, ƙarƙashin wata darbejiya. Huluna na kife a kan guma-guman katako suna shan rana. Mai rumfar, Tanimu, na durƙushe gaban baho da buroshi a hannu, dogo, baƙi, idanunsa jajur irin na wanda ya fara yininsa a gona.

Ta kwance ƙullin ta zube hulunan. Shi kuwa ko kallonsu bai yi ba. Ƙyallen da ta ƙunso su a ciki ya ɗauka, bayan ya goge hannunsa a riga har sau biyu.

"Malama, wa ya yi wannan aikin?"

"Innata ce."

Farin ƙyalle ne mai ɗinkin giciye, irin wanda ake ƙirga zaren yadi a ɗora zare kan zare, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero, har fure ya fito. Ya juya bayansa ya daɗe yana dubawa.

"Ko ƙulli ɗaya babu. Allah ya yi wa hannun nan albarka." Ya ɗora yatsa a kan furen. "Sai dai jan nan zai zuba."

"Hula na kawo maka, Malam, ba shawara na zo nema ba."

Bai ji haushi ba. Ya jiƙa wani farin tsumma, ya danna shi a kan furen, ya ɗaga mata. Sai ga ja ya fito a jiki. Lauratu ta kalli tsumman, ta kalle shi, dariya ta kufce mata ba ta shirya ba. Rabonta da dariya har ta manta.

Ya nemi lambarta, wai don ya sanar da ita in hulunan sun bushe. Washegari da la'asar saƙo ya shigo.

"Malama, hulunan Baba sun bushe. In kin gaji kada ki zo, zan kawo. In ba ki gaji ba ma kada ki zo, zan kawo."

Tun daga ranar, hulunan Baba, Malam Abdussamad, guda huɗu suka shiga shan wankin da ba su taɓa sha ba a tarihinsu. Tsohon, wanda ya yi ritaya daga ma'aikatar gurzar auduga, ya lura sarai, amma ya yi kamar bai gani ba.

Soyayyarsu ba mai hayaniya ba ce, don dukansu biyun a gajiye suke. Shi da asuba yana gona a ƙauyensu kan hanyar Malumfashi, da hantsi ya hau babur ya zo rumfa. Ita kuma in ta taso makaranta, gida na jiranta: girki, shara, wanki, ɗiga wa Inna magani a ido sau uku a rana. Yayyenta duk sun yi aure sun watse, sai dai su bugo waya su ce a gaida Inna. Wani lokaci Tanimu zai zo zance su zauna a kan benci a zaure, minti goma ba wanda ya ce uffan, kuma kowa ya tashi da sauƙi a ransa.

"Malamata, yau yara nawa suka ci miki rai?"

"Tamanin da uku. Kai fa, Sarkin Wanki?"

"Huluna sittin da ciyawa kadada guda. Amma da na tuna zan gan ki, sai na ji kamar talatin ne."

"To ni na rage maka talatin ke nan. Allah ya sa watarana in rage duka."

Matsalar tana ɗakin innarta, Hajiya Zuwaira. A da, duk unguwar ba amaryar da ake kai wa ɗaki ba tare da aikin hannunta ba, ko matashin kai ko marufin tebur. Sai ciwon ido ya zo, irin wanda likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu haske da inuwa kawai take rarrabewa. Idon ya tafi, amma bakin na nan da kaifinsa.

"Mai wankin hula?" in ji ta, ranar da Lauratu ta yi ƙarfin hali ta faɗa. "Na yi miki karatu har kika zama malama, ki ƙare a gindin baho? Kuma an ce min kakarsa har yau ba ta kallon gabas."

"Inna, shi yana salla. Mahaifinsa ma da carbi a hannu ya rasu."

"Na ji. A gidan wa ya tashi?"

Gaskiya ne, a hannun kakarsa Tsohuwa ya tashi, Bamaguza wadda ta riƙe al'adar iyayenta ba ta saki ba. Ita ce ta kai shi makarantar allo da ƙafarta, kuma ita ce ta koya masa halin rini da zare, don masaƙiya ce tun tana budurwa. Lauratu ta so ta faɗi duk wannan, amma ta san ba kunnen ji a ɗakin.

Hajiya na da nata zaɓin. Mahadi, ɗan ƙawarta, mai shagon taki da maganin feshi, yaro mai fara'a da gaisuwa har ƙasa. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai sauri, wanda ke son a yaba masa kafin ya gama aiki.

Haka aka yi ta ja har damina ta wuce, kaka ta wuce. Lauratu ta rame. Ba ta musu, ba ta kuka, sai dai ta ce "to" ta tashi ta ɗora tukunya. Baba ya sa baki sau biyu, aka ce masa ya bar maganar mata ga mata.

Cikin bazara, wata Asabar, Hajiya ta sa aka janyo akwatinta daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai zanen gadon da ta yi shekara tara tana ɗinka wa autarta. Furanni ja da kore sun zagaye shi, tsakiya kuma tsuntsaye ne biyu a kan reshe. Kusurwar ƙarshe da laluben yatsa ta ƙarasa ta, kuma daga ita ba ta sake riƙe allura ba. Ba a taɓa wanke shi ba, don ba a sa wa irin wannan aikin ruwa sai an gama. Gumin hannu na shekara tara ya dafe shi, ga shatin zoben katakon da ake ɗaure yadin da shi duk ya zauna.

"A wanke shi," in ji Hajiya. "Bayan salla za a sa ranarki da Mahadi."

Lauratu ta ɗauki zanen ta fita. Sai wata dabara ta zo mata. In Tanimu ya wanke zanen, Inna ta taɓa ta ji aikin hannunsa, wataƙila zuciyarta ta yi laushi. Ta ɗauki waya da sauri, kuma saurin ne ya cuce ta.

"Sarkin Wanki, Inna ta fito da zanen gadon aurena, za a sa rana bayan salla. Kai nake so ka wanke shi."

Amsar ba ta zo ba sai bayan la'asar.

"Allah ya sanya alheri, Malama. Na wanke hular kowa a garin nan, har ta Mahadi. Amma zanen gadonsa ya fi ƙarfina. Ki yafe ni."

Ta karanta sau uku. Ta fara rubuta bayani, ta goge. Ta sake farawa, sai Inna ta ƙwala mata kira daga ɗaki, miya kuma na ƙauri a murhu. Ta ajiye wayar. A ranta ta ce, in har bayan wata tara bai san ta ba, ita ba ta da sauran numfashin da za ta koya masa. Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya nemi wani.

Mahadi ne ya karɓi zanen da hannu biyu. Ya ce ai bai kamata a ba wani bare ba, shi da kansa zai tsaya a kai. Ya kai gida, ya sa aka tafasa ruwa, ya zazzaga garin sabulu rabin leda, ya jiƙa zanen ya danne shi da dutse, kamar yadda ake yi wa kayan da aka yi feshi da su.

Da sassafe ya yi sallama da bokiti a hannu, fuskarsa ba jini. Lauratu ta leƙa ciki. Ruwan ja ne wur. Daga kusurwa ɗaya jan ya tashi ya bi farin yadin, ya shiga koren ganyen, ya kai har ƙirjin tsuntsayen.

"Lauratu, don Allah ki rufa min asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki matse ki shanya, ki goge. Hajiya ai ba gani take ba." Sai ya ɗaga murya wajen ƙofar ɗaki. "Hajiya, barka da asuba! Zane ya fita fes!"

"Madalla, Allah ya yi albarka," in ji Hajiya daga ciki.

Ya tafi. Lauratu ta zauna a bakin rijiya da bokitin a gabanta. Shekara tara na idon uwarta ne a cikin ruwan nan, kuma babu wani idon da za a sake yi da shi. Fushinta da Tanimu ya zama ƙaramin abu. Ta buga masa waya, ta faɗi abin da ya faru cikin jimla biyu.

"Kin shanya?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Kada ki matse, kada rana ta gan shi. In ya bushe a haka, ya zauna ke nan har abada. Zubar da ruwan, ki zuba na randa. Ga ni nan."

A gonar tumatir yake, ranar ban-ruwansa ce, kuma layin injin ba zai sake zagayowa kansa ba sai bayan kwana huɗu. Ya bar gonar ya hau babur.

Baba ne ya tare shi a zaure. Ya dubi taɓon da ke ƙafarsa, ya dubi 'yarsa, sannan ya leƙa cikin gida ya ce, "A kimtsa, baƙo zai shigo."

Aikin ba wani sirri a cikinsa, wahala ce zalla. A shimfiɗa zanen a babban baho, a zuba ruwan sanyi, a riƙa motsa shi a hankali da tafin hannu, ba cuɗawa, ba murzawa. Ruwa ya yi ja, a zubar, a sake. Rijiyar kuwa irin ta bazara ce, ta yi ƙasa can, guga na fitowa rabi-rabi. Tanimu na ja, Lauratu na juyewa.

Wajen baho na goma, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "Da ni na wanke tun farko, da ba a zo nan ba."

"Da ka tambaye ni abin da nake nufi, da ba a zo nan ba."

"Me kike nufi?"

"So nake Inna ta ji hannunka a jikinsa. Ni ban yi wa kowa alkawari ba, Tanimu. Gajiya kawai na yi."

Igiyar ta tsaya a hannunsa. "Malamata, na yi wauta. Kwana goma sha ɗaya ina wanke hula ɗaya sau biyu ban sani ba."

"Ja ruwa," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ma yi faɗan daga baya, in mun huta."

Azahar ta yi, ruwan rijiyar ma ya ɗauki ɗumi. Baba ya fita da kansa ya sayo ƙanƙara a buhu. Suka yi salla, suka koma. Igiya ta sale tafin Tanimu, ya naɗe da tsumma don kada jini ya taɓa yadin. Ja ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Gadon bayan Lauratu ya riƙe, har sai ta dafa bakin rijiya take miƙewa.

Duk wannan Hajiya na zaune a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, fuskarta na fuskantar rijiyar.

"Lauratu, wane ne ke ta ja mana ruwa tun safe?"

"Tanimu ne, Inna."

"Zanen da ya fita fes ne ke shan guga haka?"

Tanimu ya sake jefa guga. Ita kuwa ba ta ƙara ba, kuma ba ta ce ya fita ba.

Sai bayan la'asar ruwa ya fito garau. Tanimu ya nemi tawul duk na gidan. Ya shimfiɗa zanen a kansu, ya naɗe kamar tabarma, ya bi yana dannawa da gwiwar hannu har tawul ɗin suka shanye ruwan. Ya hana a rataya shi a igiya, ya ce nauyin ruwa zai ja ɗinkin ya karkace. A inuwar rumfa aka baje shi, a kwance. Washegari ya dawo da dutsen gugarsa na gawayi tun zanen na da sauran laima. Ya kifa fuskar aikin a kan tawul mai laushi, ya ɗora farin ƙyalle, ya goge ta baya.

Da aka gama, aka kai wa Hajiya aka ɗora mata a cinya. Baba na tsaye, Lauratu na durƙushe, Tanimu na tsugune daga bakin ƙofa. Mahadi ma ya zo, yana rakuɓe a bayan Baba.

Ta bi zanen da yatsunta a hankali. Ta shinshina. Ta sake bi.

"Ba a kwantar min da ɗinki ba," ta ce. "Kowanne na tsaye. Wa ya koya maka guga ta baya?"

"Kakata ce, Hajiya."

Ta mayar da hannunta kan zanen. Sannan ta ce, "To, ya fita?"

"Fes, Hajiya, kamar sabo," in ji Mahadi da sauri.

"Ba kai na tambaya ba."

Lauratu ta dubi Tanimu, idonta na roƙonsa. Kalma ɗaya ce, kuma Inna ba za ta taɓa ganewa ba. Ya sunkuyar da kai.

"Bai fita duka ba, Hajiya. Jan ya zuba, ya bi ko'ina. Mun cire na tsakiya da na gefe uku. Amma a kusurwa ɗaya ya bar inuwa, faɗin tafin hannu. Na yi iya yina, ba za ta fita ba."

Lauratu ta runtse ido. Shi ke nan, in ji zuciyarta.

"Kai hannuna wurin."

Ya matso da gwiwa, ya ja kusurwar ya sa ta ƙarƙashin yatsunta. Ta shafa, ta gane wurin nan take.

"Nan ne na ƙarshe. Zarena ya ƙare, na aika aka sayo min a kasuwar Mahuta, ban ga irin da aka kawo ba." Ta sake shafa wurin. "Ɗinkin wurin fa? Daidai yake da sauran?"

"A'a, Hajiya. Fure biyu sun karkace, ɗaya kuma ganyensa ya hau kan ɗan'uwansa."

Hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani. Amma bakinta murmushi yake.

"Shekara biyu," ta ce. "Shekara biyu ina tambaya, kowa na ce min ya yi kyau. Malam ya ce ya yi kyau. Ke ma, Lauratu, kin ce ya yi kyau. Tun da idona ya tafi kuke lallaɓa ni kamar jaririya, har na daina sanin me ke gabana. Na gaji da a ji tausayina."

"Inna, ki yafe mana."

"Na yafe. Mahadi, je ka gaida uwarka, ka ce ina nan zuwa mu yi magana ni da ita." Ta juya inda take jin numfashin mijinta. "Malam, ka ce wa mutanen yaron nan su turo. In 'yata na cikin wani hali a gidansa, na san in na tambaye shi zai faɗa min."

Tumatirin dai rabinsa ya ƙone. Da Lauratu ta yi masa jaje, saƙonsa ya zo kafin ta ajiye wayar.

"Malamata, tumatir ana sake shukawa. Ki kwanta ki huta, amaryar Sarkin Wanki."

Sati uku bayan salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Abdussamad. Tsohuwa ta zo daga ƙauye a bayan babur, da farin saƙi da ta saƙa da hannunta da ƙwaryar daddawa. Hajiya ta sa aka zaunar da ita kusa da ita a tabarma ɗaya. Suka yini suna gardama a kan wane zare ne na kirki, kowacce na cewa na zamanin yanzu duk shirme ne.

Da za a tafi da amarya, Lauratu ta durƙusa gaban uwarta tana kuka, tana tambayar wa zai riƙa ɗiga mata magani.

"Ubanki na da hannu, lokaci ya yi da zai koya," in ji Hajiya. Ta lalubo kan 'yarta ta dafa. "Kin yi mana wahala, auta, kuma na sani, ko ban faɗa ba. Je ki huta. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku riƙa faɗa wa juna gaskiya tun tana da laima."

"Amin," in ji Tsohuwa, da ƙarfi fiye da kowa a ɗakin.